Yadda ake gane kalmar subsidy da yadda ake amfani da ita ba tare da an cakuɗa ta da sauran kalmomin tallafi ba

Subsidy na cikin kalmomin turancin da kusan kullum sai ka ji su a labarai, amma in ka tsayar da mutum ka ce to malam bambanta mana ita da grant ko loan ko allowance sai ka ga ya fara kame-kame, kuma gaskiya ba laifinsa ba ne don mu duk tallafi muke ce musu, kalma ɗaya ta kwashe su gaba ɗaya. Su kuwa masu yaren kowanne da sunansa da inda ake ajiye shi, in ka sa wani a gurbin wani a jarabawa ko a wasiƙar neman taimako ko wajen fassara labari, mai karantawa nan take zai gane ba ka san abin da kake nema ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata a bi ta a hankali.

Mataki na farko, gyara bakinka da rubutunka

Ana furta ta ne sabsidi, kuma ƙarfin muryar a gaɓar farko yake, SAB-si-di. Kar ka ja ta tsakiyar ka ce sab-SII-di, mutane da yawa haka suke yi. Wajen rubutu harafi bakwai ne, s-u-b-s-i-d-y, in jam'i ne sai y ɗin ta faɗi a sa ies, ta koma subsidies. Shi ke nan wannan, ba wani dogon zance.

Mataki na biyu, kama ainihin ma'anar

Nan ne ya kamata ka daɗe, don in ka kama wannan sauran duk mai sauƙi ne. Subsidy kuɗi ne da gwamnati ko wata hukuma ko ƙungiya take biya don ta ɗauke wani ɓangare na kuɗin wani kaya ko wata hidima, saboda farashin ya sauko ga mai saye ko kuma mai samar da kayan ya iya ci gaba da aikinsa bai durƙushe ba. Ka lura da wannan kalmar, ɓangare. Yawanci ba duka ake biya ba, kuma abu mafi muhimmanci shi ne kuɗin a ɗaure yake da wani kaya ko wani aiki, ba wai an miƙa maka ba ne ka je ka yi abin da ka ga dama.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. A ce ɗaukar fasinja ɗaya daga wannan gari zuwa wancan a jirgin ƙasa yana cin 100, in an haɗa mai da albashin ma'aikata da gyara da komai. Gwamnati ta duba ta ce a'a, talaka ba zai iya ba, a sayar da tikiti 70 ni zan cike 30 ɗin. To wannan 30 ɗin ita ce subsidy. Fasinja bai ga ko sisi a hannunsa ba, ba a turo masa komai a asusunsa ba, amma ya amfana domin ya biya ƙasa da ainihin kuɗin abin. Kamfanin jirgin shi ya karɓi kuɗin, fasinja ya sha sauƙin, masu biyan haraji su suka ɗauki nauyin.

Saboda haka duk inda ka ci karo da kalmar ka yi wa kanka tambaya uku: wa ya biya, wa ya karɓa, kuma farashin mene ne ya sauka ko wane aiki ne aka raya. In ka samu amsar ukun nan to subsidy ce. In ka rasa amsar ta ukun, wato babu wani farashi da aka sauke kuma babu wani aiki da aka tokare, to ka tsaya, akwai yiwuwar wata kalma ce ta dace ba ita ba.

Misalin da nake so sosai don a fili yake shi ne abin da Jamus ta yi a 2022. A watannin Yuni da Yuli da Agusta na shekarar suka fito da tikitin yuro 9, ka saya sau ɗaya ka hau motocin bas da jiragen ƙasa na cikin gari da na yanki a duk faɗin ƙasar har wata guda. Kowa ya san yuro 9 ba ta isa ta biya wannan zirga-zirgar ba, gwamnatin tarayya ce ta ware yuro biliyan 2.5 don cike giɓin. Gwada tambayoyin nan uku a kai ka gani, gwamnati ta biya, kamfanonin sufuri suka karɓa, kuɗin tikiti ya sauka. Ba sauran shakka.

Ɗan tarihinta, don yana taimakawa wajen riƙewa

Asalinta daga Latin ne, subsidium, kuma a can ba ma zancen kuɗi ba ne, sunan rundunar ko-ta-kwana ce, sojojin da ake ajiyewa a baya suna jira, sai in na gaba sun jigata su taso su kawo ɗauki. Ta shigo turanci a ƙarni na 14 ta hanyar faransancin da ake yi a Ingila a lokacin, kuma abin mamaki a wancan zamanin ma'anarta harajin da majalisa take amince wa sarki ya karɓa in wata buƙata ta taso kamar yaƙi, wato jama'a ne ke tallafa wa sarki. Daga baya aka riƙa amfani da ita ga kuɗin da wata ƙasa ke biyan ƙawarta don ta ci gaba da yaƙi, kamar yadda Birtaniya ta ƙulla yarjejeniya a 1758 tana biyan Farashiya (Prussia, wata tsohuwar masarautar Jamusawa) ta sarki Firedirik fam 670,000 duk shekara lokacin Yaƙin Shekara Bakwai. Yau kuma akalar ta juya, daga gwamnati kuɗin ke fitowa ya gangaro ƙasa. Amma ka ga tushen bai canza ba, ɗauki ne daga baya ga wanda yake fagen fama.

Mataki na uku, ka sani ba kullum take zuwa da tsabar kuɗi ba

Wannan wajen yana ruɗa masu karanta labaran tattalin arziki. Gwamnati za ta iya ba kamfani subsidy ba tare da ta fidda ko kwabo daga baitulmali ba, ta hanyar yafe masa harajin da ya kamata ya biya, ko ta ba shi bashi da kuɗin ruwa ƙasa da na kasuwa, ko ta ba shi fili ko wuta ko ruwa a farashi mai rahusa, ko ta sayi kayansa sama da farashin kasuwa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya kan wannan batu, wadda ta fara aiki a 1995, haka ta fassara abin, gudummawar kuɗi daga gwamnati ko hukumar gwamnati wadda ke kawo wa mai karɓa wata riba, kuma ta lissafa harajin da aka yafe a ciki. Don haka in ka ga an rubuta direct subsidy ana nufin kuɗi kai tsaye, in ka ga indirect subsidy ko hidden subsidy ana nufin irin waɗannan na bayan fage.

Akwai kuma cross-subsidy, wannan ba ma ruwan gwamnati, kamfani ɗaya ne ke ɗaukar ribar da ya samu a wani sashe ya rufe asarar wani sashen. Aikin gidan waya misali ne mai kyau, kuɗin kan sarki ɗaya ne ko wasiƙar za ta je layin baya ko za ta je ƙauye mai nisa, to masu aikawa kusa su ne ke ɗauke wa masu aikawa nesa.

Mataki na huɗu, raba ta da 'yan uwanta

To ga inda aka fi yin ɓaranɓarama. Grant kuɗi ne da ake ba ka dunƙule don ka yi wani aiki takamaimai, bincike ko gina wani abu ko fara sana'a, ba a biya kuma yawanci sai ka nema ka rubuta abin da za ka yi da shi, daga baya ka kawo rahoto. Ita ce ta fi kusa da subsidy har wani lokacin suna shiga juna, amma bambancin da zai taimake ka shi ne grant yawanci sau ɗaya ne don aiki ɗaya, subsidy kuwa tana tafiya ne tare da kayan, duk lita ko duk buhu ko duk tikitin da aka sayar akwai rabonta a ciki. In kana rubuta wa wata gidauniya kana neman kuɗin gudanar da wani shiri, grant kake nema, don Allah kar ka rubuta musu kana neman subsidy.

Loan bashi ne, sai an biya, magana ta ƙare. Amma akwai subsidised loan, shi ma bashi ne sai dai wani ya ɗauke maka wani ɓangare na kuɗin ruwan, kamar irin bashin ɗalibai a Amurka da gwamnati ke biyan ruwansa muddin ɗalibin yana makaranta. Kar ganin kalmar a jikinsa ya sa ka ɗauka kyauta ce, uwar kuɗin tana nan a wuyanka.

Scholarship kuɗin karatu ne da ake ba ɗalibi galibi saboda ƙoƙarinsa, bursary kuma musamman a turancin Ingila an fi ba da shi saboda rashin hali. Stipend ɗan abin da ake ba mutum duk wata ne ya riƙe kansa yayin da yake karatu ko koyon aiki, bai kai a kira shi albashi ba. Allowance alawus ne, wanda muka sani, na gida ko na tafiya ko wanda uba ke ba ɗansa. Donation gudummawa ce ko sadaka daga mai niyya, ba sharaɗin farashi a ciki. Bailout kuma ceto ne na gaggawa ga kamfani ko banki ko ma ƙasa da ke gab da rushewa, irin wanda aka yi wa bankuna a rikicin kuɗi na 2008. Sai welfare ko benefits, kuɗin da gwamnati ke ba marasa aiki ko marasa ƙarfi a hannunsu. Duk waɗannan in za ka fassara tallafi za ka ce, amma in za ka koma turanci kowanne da ƙofarsa.

Mataki na biyar, ƙananan kalmomin da ke bin ta

Turanci a nan yake kama mutum, don ma'ana na iya zama daidai amma ɗan ƙaramin haɗin ya tona asiri. Guda huɗu ne za ka riƙe. In kana maganar kayan da aka sauke wa farashi sai ka ce on, kamar a subsidy on fertiliser, tallafi a kan taki. In mai karɓa kake nufi sai to, subsidies to farmers, tallafin da ake ba manoma. In manufar ce ko fannin sai for, subsidies for public transport, tallafi don sufurin jama'a, kuma for ɗin nan tana shiga wajen mutane ma, za ka ji subsidies for farmers ba laifi. In kuma daga inda kuɗin ya fito ne sai from, a subsidy from the government. Sau da yawa ma ba a sa komai, sai a jero sunan kayan a gaba kawai, fuel subsidy, housing subsidy, farm subsidies, export subsidy, kuma wannan shi ya fi yawa a kanun labarai.

Tana karɓar ƙaramar kalmar turancin nan "a" a gabanta kuma tana da jam'i, don haka a subsidy ko subsidies, duk daidai ne. In ana maganar tsarin gaba ɗaya a wani fanni an fi amfani da jam'in. Wani lokacin kuma za ka gan ta tsirara, babu "a" a gabanta kuma ba jam'i ba ce, kamar the airline cannot survive without subsidy, wato kamfanin jirgin ba zai rayu ba in babu tallafi, wannan ma daidai ne.

Sai aikatau ɗin da ke tafiya da ita. Mai bayarwa yana provide ko pay ko grant ko give, mai karɓa yana receive ko get, in ana maganar dogaro sai a ce depend on ko rely on. In za a rage sai cut ko reduce, in za a cire gaba ɗaya sai remove ko scrap ko end, in kuma a hankali za a janye ta kaɗan-kaɗan har ta ƙare sai phase out. Ka kula da wannan na ƙarshen sosai wajen fassara, don akwai tazara babba tsakanin gwamnatin da ta ce za ta yi phase out cikin shekara uku da wadda ta ce ta yi scrap yau, in ka fassara duka biyun da "ta cire tallafi" ka ɓata labarin kuma ka tayar wa mutane hankali a banza.

Mataki na shida, mayar da ita aikatau

Ba a cewa the government will subsidy rice, wannan kuskure ne da ake yawan gani, subsidy suna ce. Aikatau ɗin shi ne subsidise, ana furta shi SAB-si-daiz. Turancin Ingila ya fi rubuta shi da s, na Amurka da z wato subsidize, duka daidai ne sai dai ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kar sakin layi na farko ya zama na Landan na biyu ya zama na Washinton. Kuma ba ya buƙatar wani haɗi a bayansa, kai tsaye yake cin abin, the government subsidises electricity, ba subsidises on electricity ba.

Daga nan ake samun subsidised, wanda ke siffanta abin da aka sauke wa farashi, subsidised housing gidaje masu rangwame, subsidised meals abincin da ma'aikata ko makaranta ta biya wani ɓangare. In tallafin mai yawa ne ana cewa heavily subsidised, wannan haɗin ka haddace shi yadda yake don shi ne bakin masu yaren ya saba da shi.

Abin da ya kamata ka sani kuma, aikatau ɗin ya fi sunan sakewa, yana fita daga harkar gwamnati ya shiga zancen gida. Uwa na iya cewa ɗanta da ya girma ya ƙi neman aiki I can't keep subsidising you, ma'ana ba zan ci gaba da ɗaukar nauyinka ba, kuma akwai ɗan zafi a cikin maganar, kamar ana cewa ina biyan abin da kai ya kamata ka biya. Saboda haka kar ka yi amfani da shi wajen godiya ga wanda ya taimake ka, in wani ya biya maka kuɗin makaranta ka ce he supported me ko he sponsored my studies ko he paid my fees, ya fi daɗin ji kuma ya fi mutunci.

Mataki na bakwai, kalmomin da suka yi kama da ita amma ba ita ba ne

Subsidiary reshen kamfani ne, ƙaramin kamfani da babba ya mallaka, kamar yadda YouTube yake ƙarƙashin Google. Subside kuma lafawa ce, ambaliya ta janye ko zazzaɓi ya sauka ko hayaniya ta kwanta, ana furta shi sab-SAID. Subsidence nutsewar ƙasa ce ƙarƙashin gini. Subsistence abin da zai riƙe rai ne kawai, shi ya sa ake ce wa noman ci da kai subsistence farming, kuma ka ga hatsarin, subsistence farming da subsidised farming kusan kishiyoyin juna ne, na farko manomi ne da ke noma abin da iyalinsa za su ci, na biyu noma ne da gwamnati ke zuba wa kuɗi.

Mataki na takwas, karanta ta a labari da ido biyu

Kalmar nan ba ta da laifi a ƙamus amma a bakin 'yan siyasa da masana tattalin arziki tana da nauyi. Mai goyon bayan abin yakan guje mata ya ce support ko investment ko incentive, mai adawa kuma shi zai ta nanata subsidy, in ya so cin fuska ma ya ce handout, wato sadaka. Don haka kalmar da marubuci ya zaɓa tana gaya maka ɓangaren da yake tun kafin ya faɗa.

Kuma rigima ce ta gaske tsakanin ƙasashe. Tarayyar Turai tun 1962 take da tsarin tallafa wa manomanta, ƙasashe masu tasowa sun daɗe suna kukan cewa irin wannan tallafin na ƙasashe masu arziki yana karya farashin amfanin gonarsu a kasuwar duniya, kuma ni a ganina kukan nasu yana kan hanya. Amurka da Turai sun kai ƙarar juna gaban Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 2004 kan tallafin kamfanonin ƙera jiragen sama na Boeing da Airbus aka shafe shekara da shekaru ana shari'a. In wata ƙasa ta ga kayan da ke shigo mata sun yi arha ne saboda tallafin gwamnatin ƙasar da suka fito, tana iya ɗora musu harajin ramuwa da ake kira countervailing duty, irin wanda Tarayyar Turai ta ɗora wa motocin lantarki na Sin a Oktoban 2024.

Sannan ka kula da alƙaluma. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce tallafin man fetur da gas da kwal a duniya ya kai dala tiriliyan 7 a 2022, mutane suka ta yaɗa adadin kamar kuɗi ne da gwamnatoci suka ƙirga suka biya, alhali wajen tiriliyan 1.3 ne kawai explicit, wato rangwamen farashi na zahiri, sauran implicit ne, ƙiyasin ɓarnar gurɓata iska da ɗumamar yanayi da makamantansu da ba a sa a cikin farashin man ba. Duk lokacin da ka ga adadi mai girma kusa da kalmar nan ka nemi wanne daga cikin biyun ake nufi kafin ka tura wa wani.

Mataki na ƙarshe, gwada da hannunka

Ɗauki labari ɗaya na turanci da kalmar ta fito a ciki, ka ja layi a ƙarƙashin kowace subsidy da subsidise, ka amsa tambayoyin nan uku a gefe, sannan ka duba wane ƙaramin haɗi ne ya biyo ta da wane aikatau ya gabace ta. Bayan nan ka rubuta jimloli naka guda huɗu, ɗaya da on, ɗaya da to, ɗaya da subsidise, ɗaya da heavily subsidised, ka karanta su da ƙarfi don bakinka ya saba da ƙarfin gaɓar farko.

In kuma zuwa Hausa za ka juya ta, kar ka tsaya a tallafi kawai in jimlar ta ba ka dama, ka faɗi na mene ne, tallafin taki, tallafin wutar lantarki, tallafin kuɗin jirgi. Inda ake maganar abin da mai saye ya gani a aljihunsa rangwame ya fi fitar da ma'anar, subsidised housing gidaje masu rangwamen haya, inda kuma haraji aka yafe wa kamfani ka ce sassaucin haraji kai tsaye, don in ka ce an ba kamfanin tallafi mai karatu zai zaci tsabar kuɗi aka ƙirga aka miƙa masa.